Keken Kaka: Yadda Ake Gane Tsohon Keken Ɗinki da Shekarar da Aka Ƙera Shi

Wani matashin tela da ke unguwar Zango a nan Damagaram ya aiko mini da wannan tambaya: “Baba, na gaji wani baƙin keken ɗinki daga kakana. An rubuta Singer a jikinsa, amma adonsa na ruwan zinariya duk ya koɗe, kuma ba ya ɗinki da baya. A gidanmu ana cewa tun zamanin Sarki Tanimun yake. Na ga lamba biyu: ɗaya a gaba ta hannun dama, ta fara da harafin Y, sai 8, sai wasu alƙaluma shida, ɗaya kuma a ƙarƙashi, kusa da kalmar Simanco. Wani mutum ya zo yana ta matsa mini in sayar masa. Ta yaya zan san ko na asali ne, kuma shekararsa nawa?”

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, ya sa ka ci gajiyar abin da ya bar maka. Zan fara ba ka amsar a taƙaice, sannan in nuna maka hanyar da na bi, domin wata rana za a kawo maka wani keken, ni kuwa ba na kusa. Idan ka karanta lambar daidai, kuma ba a taɓa ta ba, to an ƙera kan kekenka a masana'antar Singer da ke Clydebank, kusa da birnin Glasgow a ƙasar Sikotland, a farkon shekarun 1930. Ke nan ya haura shekara casa'in, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma bai ga zamanin Tanimun ba. Sarki Tanimun ya rasu a 1884, Faransawa suka shigo Damagaram a 1899, aka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926, kuma duk waɗannan abubuwa uku sun girmi kekenka. Kada ka ga laifin mutanen gida. Idan tsofaffinmu suka ce abu tun zamanin Tanimun yake, nufinsu ya daɗe, ba lissafin shekara suke yi ba.

Dalili mafi sauƙi shi ne harafin nan da ke gaban lambar. Tun daga 1851, shekarar da Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka, har zuwa ƙarshen 1899, kamfanin yana buga wa kekunansa alƙaluma zalla, babu harafi ko ɗaya. Daga 1900 ne aka fara sa harafi a gaba, domin masana'antu sun yi yawa kuma kowace tana bukatar jerinta. Saboda haka duk keken Singer da ka ga harafi a farkon lambarsa, to ba na ƙarni na 19 ba ne, komai tsufan da ya nuna a ido. Harafin F na Clydebank ne, daga 1910 zuwa wajen 1920, sai Y ya karɓe shi daga 1920 zuwa 1935. Harafin G na masana'antar Elizabethport ne a Amurka, daga 1910 zuwa 1924, yayin da C yake na Wittenberge a Jamus. Da haruffa ɗaiɗai suka ƙare sai aka koma harafi biyu: Amurka ta fara da AA a 1924, ta ci gaba da AB, AC, haka har gaba, Clydebank kuma ta fara da EA a 1935. A wannan jeri na E, wanda shi na fi cin karo da shi a shagunan teloli a nan, EE ya zo a 1947 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, EG a wajen 1950, EK a wajen 1955, EM kuma a 1957. An tsallake I da O a jerin, don kada su rikice da 1 da 0. Ƙungiyar masu tara tsofaffin kekunan ɗinki da ake kira ISMACS ta sa cikakken jerin lambobin a intanet, kuma a can za ka ga har da watan da aka fitar da lambarka da samfurin da aka ba ta.

Sai dai karanta lambar ma aiki ne, kuma a nan mutane suka fi tuntuɓe. Tana kan wani ɗan tudu ne a shimfiɗar keken, ta gaba, a gindin ginshiƙin hannun dama, inda ka gan ta. Ka ɗiga man keke a tsumma ka goge wurin, ka shafa alli, ka share na sama da yatsa, sannan ka haska fitilar salula daga gefe, ba daga sama ba, domin inuwa ce ke fito da rubutun. Kada ka kusanci wurin da samfefa ko wuƙa. Ka lura da 3 da 8, da kuma 1 da 7, domin tsatsa tana haɗa kamanninsu. Abin da ya fi komai shi ne ka ƙirga alƙaluman sau biyu. Y mai alƙaluma shida na farkon shekarun 1920 ne, Y mai bakwai da ya fara da 8 kuma na farkon shekarun 1930 ne, ka ga alƙalami ɗaya da ya ɓuya a ƙarƙashin fenti yana iya sa ka kuskure da shekara goma. Kuma ka sani cewa ranar da ke cikin rajista ita ce ranar da aka ware wa masana'anta wannan rukunin lambobi, dubbai a lokaci guda, ba ranar da aka ɗaure notin ƙarshe ba. Keken yana iya fitowa bayan wasu watanni. Isowarsa Damagaram kuwa wani labari ne daban, domin akwai wanda ya zo sabo ta hanyar Kano, inda jirgin ƙasa ya isa tun 1911, akwai kuma wanda ya yi shekara talatin a wani gida a Turai kafin a kawo shi a matsayin na hannu.

Lamba ta biyu, wadda ke kusa da Simanco, ba ta da ruwa da shekara. Simanco taƙaitaccen sunan kamfanin ne, wato Singer Manufacturing Company, kuma alƙaluman da ke biye da shi lambar wannan ƙarfen ne kaɗai, wadda ake amfani da ita idan za a nemi madadinsa. Ƙarfe iri ɗaya yana iya riƙe lamba ɗaya tsawon shekara arba'in. Haka nan shekarun da ake gani a kan murfin da ke zamewa kusa da allura a wasu tsofaffin kekuna, irin su 1880 da wani abu, shekarun rajistar fasaha ne. Abin da suke faɗa maka kawai shi ne keken bai girmi ta ƙarshensu ba. Na taɓa ganin wanda ya rantse kekensa na 1851 ne saboda ya ga shekarar a tambari. Da na duba, tambari ne mai shuɗin zobe da aka rubuta 1851 da 1951 a kai, wanda kamfanin ya sa wa kekunan da ya fitar lokacin cikarsa shekara ɗari. Keke ne mai kyau, kuma masu tarawa suna son wannan tambari, amma mutumin ya ƙara masa shekara ɗari cif.

Yanzu sai batun ko na asali ne. Ni ba na fara duba sunan da ke jikin keke, domin suna shi ne abin da ya fi sauƙin sauyawa. Da fenti da ƴar takardar mannawa an gama. Ina fara duba yadda yake sarrafa zaren ƙasa, domin wannan a cikin zubin ƙarfen yake. Ka buɗe murfin da ke kusa da allura. Idan ka ga doguwar ƙoshiya mai tsini, kamar ta masaƙa, da siririn kwarkwaro dogo a cikinta, tana kai da kawowa a lanƙwashe, to kana gaban dangin samfurin Singer mai lamba 27 da 28, ko ƙannensu 127 da 128. Idan ƙoshiyar tana tafiya a miƙe daga hagu zuwa dama, kuma shimfiɗar keken tana da ƙugu kamar jikin gurmi, to wannan samfurin 12 ne, wanda ya fito a 1865, kuma irinsa za a iya yi masa maganar zamanin Tanimun ban yi dariya ba. Idan kwarkwaron zagayayye ne kuma ana jefa shi daga sama yana kwance, to 66 ne, ko ƙaraminsa 99 da ya fito a 1911, ko kuma 201 idan ƙugiyar da ke kama zare tana zagayawa gaba ɗaya maimakon ta je ta dawo. Idan kuwa kwarkwaron yana shiga cikin gidansa na ƙarfe, a cusa shi a tsaye daga gefen hagu ta ƙarƙashi, sannan abin matse zaren sama yana manne a fuskar keken ta hagu yana kallon waje, ba ya kallon mai ɗinki, to wannan 15 ne, uban gidan teloli. Daga bayaninka ina kyautata zaton shi ne a hannunka, kuma tun da daga Clydebank ya fito, sunansa 15K. Harafin K daga Kilbowie ne, sunan wurin da aka gina masana'antar, wadda ta yi aiki tun daga tsakiyar shekarun 1880 har aka rufe ta a 1980. Haka ake sa B ga na Bonnières a Faransa, kamar 15B da 191B da mukan gani a nan, G ga na Jamus, M kuma ga na Monza a Italiya. Tsofaffin baƙaƙen kekuna ba a rubuta musu samfurinsu a jiki ba. Ƴar farantin da ke ɗauke da wannan lamba a ginshiƙi ta zo ne a shekarun 1950.

Wahalar ita ce, babu keken da aka kwaikwaya a duniya kamar 15. Bayan yaƙi, masana'antun Japan sun ɗauki zubinsa suka yi ta fitar da shi da sunaye iri-iri, a tsarin da suka kira HA-1. Ƙasar Sin ta bi sahu da jerin JA, wanda Butterfly ta Shanghai ta fi shahara a cikinsa, Indiya kuma ta fito da Usha. Shi kansa kamfanin Singer daga baya ya sa an ƙera masa baƙaƙen 15 a ƙasashen Asiya, har da adon tsohon yayi, ta yadda sunan gaskiya ne amma keken ɗan jiya ne. Ba ina raina su ba ne. Butterfly ta ciyar da gidaje da yawa a ƙasar nan, kuma wasu na Japan ɗinkinsu bai gaza na asali ba. Amma kama da wane ba ta wane, kuma wanda zai biya kuɗin Clydebank ya kamata ya tafi gida da Clydebank.

Ga abin da zan duba da a ce keken yana gabana. Zan kwantar da kan baya in leƙa cikinsa, in nemi kalmar Simanco a kan sanduna da ƙananan ƙarafa, ba a wuri ɗaya kawai ba, domin ƙarfe ɗaya ana iya ɗaukowa daga wani keke. Ganin da ka yi mata a ƙarƙashi alama ce mai kyau. Zan duba tambarin tagulla da ke ginshiƙi, mai hoton ƙoshiya da allura biyu a gicciye da zare da ya naɗe kamar harafin S. Na asali da ƴan ƙusoshi biyu aka kafa shi, kuma rubutunsa yana da kaifi. Zan bi adon da farce: na asali yana ƙarƙashin wani siririn shafi mai sheƙi, ba ka jin bakinsa, kuma ya fi koɗewa a gaban shimfiɗa inda tufa da hannu suke gogawa, na mannawa kuwa farce yana kama gefensa. Koɗewar da kake kuka da ita, ni shaida ce a wurina. Sannan zan duba abin daidaita tsawon ɗinki. A tsohon 15K wani noti ne mai kai da ake zamarwa sama da ƙasa a cikin tsaga, babu alƙaluma, babu komawa baya, daidai da abin da ka faɗa. Singer ta kawo ɗinki da baya a wannan dangi ne a farkon shekarun 1930, da samfura irin su 15-88 da 15-91, amma ta ci gaba da fitar da marasa baya na tsawon lokaci. Kwaikwayon Japan da Sin yawancinsu suna da baya, kuma da yawa suna da wani maɓalli a kan shimfiɗa ta hannun dama na saukar da haƙoran da ke jan tufa, abin da ba za ka gani ba a Singer na shekarun 1930.

Akwai wata ƴar alama da masu gyara suka sani, wadda ta shafi aikinka na yau da kullum. Gidan kwarkwaro yana da ɗan yatsa da ke shiga wata tsaga. A tsohon 15 da kuma kwaikwayonsa, yatsan yana nuna inda ƙarfe ɗaya yake a fuskar agogo, ana sa allura ɓangarenta mai faɗi yana kallon dama, a zura zare daga hagu zuwa dama. A 15-88 da ƴan uwansa masu baya, yatsan yana nuna ƙarfe goma sha ɗaya, faɗin allura yana kallon hagu, zare kuma daga dama yake shiga. Saboda haka idan ka ga keke mai baya, an rubuta masa Singer da tsohon ado, amma yatsan yana ƙarfe ɗaya, sai ka ƙara bincike kafin ka yarda. An sha kawo mini keke ana cewa ya lalace, ashe allurar ce kawai aka juya.

Ƙananan alamu suna taimakawa wajen gaskata lambar, amma ba sa tsayawa su kaɗai. Farin ƙarfen tsofaffin kekuna yana da ɗan ɗumi, kamar ya so ya yi rawaya, na baya kuwa, wanda aka koma wa a shekarun 1930, farinsa yana da sanyi kamar ya so ya yi shuɗi. Murfin fuskar keke mai zanen furanni da ganye ya riga mai layuka a miƙe, wanda ya shigo a wajen ƙarshen shekarun 1940. Adon nan mai hoton zaki da kan mutum, irin na Masar, ba ya yanke hukunci ko kaɗan, domin an yi amfani da shi tun daga shekarun 1890 har cikin shekarun 1950, kuma masu kwaikwayo sun ɗauke shi. Ka kuma tuna cewa keken da ya yi shekara casa'in yana aiki a Damagaram da wuya ya zama jiki ɗaya. Kai na Sikotland ne, teburin wani kafinta ne ya sake shi bayan gara ta ci na farko, ƙafafun ƙarfen daga wani keke aka ɗauko su, gidan kwarkwaro kuma a kasuwar Dole aka saye shi shekaran jiya. Ni kaina na haɗa irin waɗannan ba adadi, kuma ban ɗauke shi ha'inci ba, gyara ne. Kan keken kaɗai ake sa wa shekara.

Idan ba Singer ba ne, jerin da na ba ka ba ya aiki, kuma kuskure ne babba a ɗauki lambar Butterfly ko Usha a nema a rajistar Singer. A nan sai ka karanta sunan ƙasa, domin ƙasashe ma suna da shekarun haihuwa. Keken da aka rubuta wa West Germany tsakanin 1949 da 1990 yake. Wanda aka rubuta wa Occupied Japan na ƴan shekarun bayan yaƙi ne, bai wuce 1952 ba. USSR ba ta wuce 1991 ba, Czechoslovakia kuma ba ta kai 1993 ba. Kekunan Jamus suna da nasu martaba: Pfaff na Kaiserslautern, wanda aka kafa a 1862, da Gritzner na Durlach da Pfaff ta haɗiye a 1957, da Dürkopp da Adler da Phoenix na Bielefeld. Duk keken gida da ke ɗinkin zigizag kuma, kada ka kai shi nesa da yawa. Pfaff 130 ya fito a farkon shekarun 1930, amma irin wannan ɗinki bai zama ruwan dare ba sai a shekarun 1950. Tun da garinmu garin dukawa ne, zan ƙara da cewa keken nan mai dogon siririn hannu da ake ɗinka takalma da jaka da shi, wanda ƙafarsa ke juyawa kowane ɓangare, shi ne Singer 29K, kuma lambarsa tana bin jerin da na bayyana. Keken surfani mai mariƙi a ƙarƙashin tebur, wanda ke ɗinkin sarƙa a wuyan riga, yawanci Cornely ne na Paris, shi kuwa nasa lissafin daban ne.

Game da mutumin da ke matsa maka, ka tambaye shi abin da zai yi da keken. A 2009 an yi wata jita-jita a Saudiyya cewa akwai wani sinadari mai tsada da ake kira jan makuri a cikin tsofaffin kekunan Singer, mutane suka yi ta saye da kuɗi na fitar hankali, kuma irin wannan magana takan sake tasowa nan da can. Na kwance waɗannan kekuna har zuwa notin ƙarshe, babu abin da ke ciki sai ƙarfen zubi da baƙin ƙarfe da busasshen mai. Samfurin 15 an ƙera shi miliyoyi, don haka ba abu ne da ba a samu ba. Darajarsa tana cikin lafiyar ɗinkinsa, da cikar ƙarafansa na asali, da kuma kasancewarsa na kakanka, wanda wannan kai kaɗai ka san kuɗinsa. Da ni ne, ba zan sayar ba, domin allurarsa da kwarkwaronsa irin waɗanda ake samu a kowace kasuwa ne har yau, kuma zai ɗinka maka shadda da kaki ba tare da ya yi gardama ba.

Kafin ka yanke shawara, kada ka bari kowa ya sake masa fenti, kuma kada ka wanke jikinsa da ruwa da omo, ko fetur, ko wani abu mai barasa, domin suna cinye shafin da ke kare adon, ruwan zinariyar ya koma fari. Man keke da tsumma mai laushi sun isa ga waje. Kananzir na cikin ƙarafa ne kawai, inda tsohon mai ya daskare da ƙurar hunturu, kuma bayan ya bushe sai ka bi kowane rami da ɗigon mai. Idan ka gama, ka sake ƙirga alƙaluman da ke bayan Y, ka duba inda yatsan gidan kwarkwaro yake nunawa, ka aiko mini da hoton tambarin da na cikin keken ta ƙarƙashi, in faɗa maka wane ne daga cikin 15K.